Koken Mata Masu Ɗinkin Hannu Kan Tsohon Soron Unguwarmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau,
ta hannun Mai Unguwa da Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne, mata masu ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya. Yawancin aska takwas da aska biyu da ake gani a manyan riguna ranar hawan Sallah daga ɗakunanmu suke fitowa. Mace takan yi makonni a kan riga guda, da rana a bakin ƙofa saboda haske, da dare da fitilar waya, har idonta ya fara ruwa. Dillali ya karɓa, ya ba ta abin da bai kai cefanen mako ba, domin ba ta san mai saye ba, kowacce kuma ita kaɗai take ciniki.

Ranka ya daɗe, a unguwarmu akwai tsohon soro ginin ƙasa mai rufin ɗaurin guga, irin ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya sa Zazzau ta yi suna da shi tun da ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim. An daɗe da barin sa. Indararo ya karye, ruwa yana bin bango, zanko biyu sun zube, azara ta fito fili. Awaki ne ke kwana a ciki. Duk da haka bakan gizon da ke riƙe da rufinsa na tsaye, wanda ya shiga da azahar zai ji sanyi kamar randa.

Roƙonmu shi ne a ba mu aron wannan soro mu mayar da shi wurin koyon sana'a na mata zalla, yadda mazajenmu za su bar mu mu fito da kwanciyar hankali. Dattijan cikinmu za su koyar da zane da ɗinkin riga da hula da saƙa. 'Yan matan da ke yawon talla su zauna su koya, zawarawa da masu marayu su sami inda mai saye zai same su kai tsaye.

Muna kuma roƙon a turo Sarkin Magina ya duba shi, a gyara da tubali da makuba. Kada a shafa masa siminti, domin siminti yana riƙe danshi, ƙasar ta ruɓe daga ciki. Shara da ruwan kwaɓa da abincin magina, mun ɗauka. Abin da ke hana mu barci shi ne damina. Muna fata a yi yaɓe kafin ruwan farko.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne,
Matan unguwa masu ɗinkin hannu, birnin Zariya.