Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Takalman Ado na Ɓawo, Ciyawa da Fata

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, iyayenmu da malamanmu a wannan sana'a, maza da mata. A madadin kwamitin zartarwa, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Rahoton kuɗi yana hannun ma'aji kuma zai gabatar da shi daban, don haka ba zan taɓa shi a nan ba.

Tarukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka tsara, sai dai halarta ta ja baya a tsakiyar shekara kafin ta sake farfaɗowa gab da baje koli. Mun karɓi sababbin mambobi, kuma abin da ya faranta mini rai shi ne yawancinsu ba daga ɗinkin takalmi suka fito ba. Akwai masu saƙar kwando, akwai masassaƙa, akwai ɗalibai masu koyon zane. Kusan kowannensu ya zo da tambaya guda: takalmin da ba za a sa a ƙafa ba, mene ne amfaninsa? Amsarmu ba ta sauya ba. Muna aron siffar takalmi ne domin kowa ya san ta, yaro da babba, sannan mu zuba mata ɓawon itace ko kaba ko fata ko 'ya'yan bishiya, har mai kallo ya tsaya ya dubi waɗannan kaya da idon da bai saba dubansu da shi ba.

Taron bita da ya fi jan jama'a shi ne na sarrafa ɓawo. Wata dattijuwa daga cikinmu ce ta jagorance shi. Ta nuna yadda ake jiƙa ɓawon har ya yi laushi, a ɓare ɓangaren ciki mai zare-zare daga na waje mai kaushi, a tsaga shi da farce siriri-siriri, sannan a murza shi a cinya ya zama igiya. Wani matashi ya yi sauri ya lanƙwasa nasa bai gama jiƙa ba, ya karye masa a hannu. Ba ta ce masa komai ba, ta dai mayar da guntun cikin ruwa ta miƙo masa wani. Kafin a tashi, shi ne ya saƙa hancin takalmin da ya fi na kowa tsari. An kuma yi bita kan jimar fata da bagaruwa, da wata kan haɗa sassa da ƙaro da kakin zuma.

Baje kolin shekara ya yi armashi, jama'a sun zo, an kuma sayi wasu ayyukan. Amma abin da ya biyo bayansa shi ne babban al'amarin wannan shekara, kuma a kansa nake so mu daɗe.

Bayan an kwashe kaya an adana, sai aka buɗe wani akwati domin ɗaukar hoto. A cikinsa akwai takalmin nan mai tsinin dunduniya da aka sassaƙa daga wuyan duma, aka jera masa busassun 'ya'yan itace a baki, wanda da yawanku kuka tsaya kuna kallo. Daga sama lafiya lau yake. Da aka ɗaga shi, sai ga gari mai laushi ya taru a ƙarƙashinsa, ga ƙananan huji kamar na allura a jikin dunduniyar. Ƙwari sun cinye cikinsa. Da aka bincika sauran akwatunan, aka tarar funfuna ta kama wasu ayyukan fata da na ciyawa. Mai takalmin duman ta shafe watanni a kansa, kuma bai gyaru ba.

Wannan asara ta tayar da muhawarar da muka daɗe muna kauce mata. Wasu mambobi sun nemi a sassauta dokarmu ta hana gam na kanti da man sheƙi mai roba, suna cewa da an shafe takalmin da shi da bai lalace ba. Wasu kuma suka ce idan aka lulluɓe ciyawa da roba, to ai roba ake kallo. Kowane ɓangare ya yi magana da zuciya ɗaya, kuma ba a raina kowa ba.

Domin kada a yanke hukunci da ka, kwamiti ya shirya lacca kan tsofaffin takalman da suka tsira a duniya. A kogon Fort Rock da ke jihar Oregon ta Amurka, wani masanin kayan tarihi mai suna Luther Cressman ya tono takalma da dama a 1938, saƙar ɓawon wani tsiro ne, shekarunsu sun haura 9,000, suna kwance ƙarƙashin tokar dutse mai aman wuta. A kogon Areni na ƙasar Armeniya an samo takalmin fatar saniya a 2008, cike da ciyawa, mai kimanin shekara 5,500. Sanyin kogon da bushewarsa da kashin tumaki da ya rufe shi su ne suka kiyaye shi. Mutumin nan da ake kira Ötzi, wanda aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai a 1991, takalminsa fatar dabba ce da ragar zaren ɓawo da ciyawa a ciki, ya kuma kai kusan shekara 5,300. Babu ɗaya a cikinsu da aka shafa wa roba. Wurin ajiya ne ya tsare su: ko bushewa, ko sanyi, ko rashin ƙwari.

Wani mamba ya ƙara da misalin da ya karkatar da mutane da yawa. A ƙofar haikalin Sensoji da ke Tokyo ana rataye wasu manyan takalman ciyawar shinkafa, tsayin kowanne ya kai mita 4.5. Rana da iska suna cin su, kuma kusan duk shekara 10 mutanen garin Murayama na ƙasar Japan kan saƙa sababbi su kawo. Ba su nemi ciyawa ta dawwama ba, sun dai tabbatar hannun da ya iya saƙar bai ɓace ba. Ni kaina ina ganin wannan shi ne ya fi dacewa da mu, ko da yake na san bai share hawayen wadda aikinta ya tafi ba.

A ƙarshe babban taro ya bar dokar yadda take, ya kuma ɗora mana sabon nauyi. Daga yanzu duk kayan da za su shiga ɗakin ajiya sai an ƙulle su cikin leda an sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla mako guda, irin yadda gidajen tarihi ke yi, sannan a bar su a ƙulle yini da kwana kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a jikinsu. An sayi ma'aunin danshi, ana ƙoƙarin riƙe ɗakin tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, tunda da zarar ya wuce 65 funfuna ta sami ƙofa. Kowane aiki kuma za a ɗauke shi hoto ta kowane gefe, a rubuta kayan da aka yi shi da su da yadda aka haɗa shi, tun kafin ya bar hannun mai shi.

Abin da bai kammalu ba shi ne littafin koyarwa na sababbin shiga, wanda har yanzu yana jiran babin saƙa. Haka nan batun diyya ga waɗanda ayyukansu suka lalace a hannun ƙungiya bai samu matsaya ba, kuma shi ne na farko a ajandar taro mai zuwa. Muna roƙon duk wanda ke da aiki a ɗakin ajiya ya zo ya duba shi da kansa kafin ranar, ya kuma taho da bayanin kayan da ya yi amfani da su a rubuce.

Sakataren ƙungiya