Kafin Ɗan Kasuwa Ya Ba Jami'a Kuɗin Bincike, a Rubuta Wa Ke da Me

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in taɓo wani batu da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato yadda kamfanoni ke ɗaukar nauyin bincike a jami'o'i da yadda suke karɓar lasisin amfani da abin da malamai suka ƙirƙiro. Ni ba malamin jami'a ba ne. Ƙaramar masana'anta gare ni a Sharaɗa, inda muke gyara riɗi da zoɓon da muke sarowa daga Dawanau, kuma asarar da na taɓa yi ce ta sa na bi diddigin wannan al'amari.

Duk mai shiga Dawanau da kaka ya san buhun nan na adana wake da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda idan aka ɗaure bakin kowanne tamau sai ƙwarin da ke ciki su rasa iska su mutu, ba sai an barbaɗa wa abincin mutane guba ba. Kaɗan ne suka san cewa daga Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, daga binciken da Farfesa Larry Murdock da abokan aikinsa suka faro a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kafin Gidauniyar Gates ta zuba kuɗin yaɗa shi a 2007. Jami'ar ba ta buɗe masana'antar buhu ba. Sunan ta yi wa rajista, ta ba kamfanoni lasisin ƙera shi bisa sharaɗin kiyaye inganci, kuma ɗaya daga cikinsu, Lela Agro, a nan Kano yake. Ke nan abin da nake magana a kai ba baƙo ba ne a garin nan, illa dai ilimin ya tsallako teku ne ya same mu, alhali ga Jami'ar Bayero da cibiyarta ta binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, ga ta Aliko Dangote a Wudil, duk a ƙofar gidanmu.

A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ce ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya, su kuma ba kamfanoni lasisinsa. Irin lasisin da za a bayar shi ne inda gizo ke saƙar. Jami'ar Stanford da ta Kalifoniya, da suka mallaki dabarar haɗa ƙwayoyin halitta ta masana kimiyya Cohen da Boyer, ba su damƙa ta ga kamfani ɗaya ba, sai suka buɗe ƙofa ga duk mai so a kan kuɗi kaɗan, kamfanoni fiye da 400 suka karɓa, aka tara sama da dala miliyan 250 kafin wa'adin mallakar ya ƙare a 1997. Mu kuwa a nan mun ga akasin haka da maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar, aka ba kamfanin Xechem shi kaɗai lasisinsa a 2002. Da kamfanin ya durƙushe a 2008, sai maganin ya yi ɓatan dabo a kasuwa, masu ciwon suka rasa tudun dafawa.

Nawa labarin bai kai wannan girma ba. Tsakuwa da ƙasa ne suka dame mu a riɗi, har masu saye suna rage mana farashi, injin da ake shigowa da shi daga waje kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Sai wani abokina ya haɗa ni da wani malamin injiniya a wata jami'a a Arewa, muka yi magana a ofishinsa kan ya ƙera mini injin gyara riɗi, na ba da kuɗin ƙarfe da mota da na alawus ɗin ɗalibai biyu, muka yi musabaha. Ko takarda ɗaya ba mu rubuta ba, domin a ganina neman sa hannu a wurin malami rashin kunya ne. Injin ya fito, ya kuma yi aiki. Har yau ina tuna ranar da muka zuba buhun farko na tsoma hannu cikin riɗin ban ji tsakuwa ko ɗaya ba. Amma ɗaliban sun rubuta kundin kammala karatunsu a kansa, da zane da awo, malamin kuma ya wallafa maƙala, tun da da ita ake yi masa ƙarin girma. Shekara ba ta zagayo ba na ga ƙanin injina a rumfar wani mai walda, ana sayar wa abokan gasata.

Ban ga laifin malamin ba, don bai karya alƙawarin da ba a ɗauka ba. Daga baya wani lauya ya fahimtar da ni cewa dokar mallakar ƙirƙira ta Nijeriya ta 1970 tana kare sabuwar ƙirƙira har shekara 20, kuma idan an yi ta ne a ƙarƙashin kwantiragin wani takamaiman aiki, haƙƙin na wanda ya ba da aikin ne. To, ni ina kwantiragin? Sannan abin da aka riga aka wallafa ya daina zama sabo a idon doka, ba a iya yi masa rajista. Shi ya sa yarjejeniyar ɗaukar nauyin bincike a ƙasashen da suka saba da ita take fayyace wa zai mallaki sakamakon, da kason mai ƙirƙira, da kuma jinkirin wata ɗaya zuwa uku kafin wallafawa, domin a samu shigar da takardun rajista.

Abin mamaki, tsarin yana nan a ƙasarmu. Hukumar NOTAP mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, wadda aka kafa tun 1979, ta fara buɗe ofisoshin kula da haƙƙin ƙirƙira da miƙa fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike tun 2006, tana kuma taimaka wa masu bincike wajen yin rajista. Harajin ilimi da kamfanoni suka riƙa biya, wanda ya faro daga kashi 2 cikin ɗari na riba har ya kai kashi 3 a 2023, shi ne ya daɗe yana cika asusun TETFund da ake ba malamai tallafin bincike daga cikinsa. Sai dai a cikin masu masana'antun da nake zama da su a Sharaɗa da Bompai da Challawa, ban taɓa jin wanda ya ambaci irin wannan ofishi ba, har masu jima da suka daɗe suna neman hanya mai araha ta tace ruwan dattin da suke fitarwa.

Don haka ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da su fito da takardar yarjejeniya mai shafi biyu ko uku, da Hausa da Ingilishi, wadda ɗan kasuwa zai karanta ya gane ba sai da lauya ba, su kuma turo jami'an waɗannan ofisoshi zuwa tarukan ƙungiyar masu masana'antu da kasuwar baje koli ta Kano da lambar wayar da za a kira a ɗauka. Ni dai yanzu injin busar da zoɓo nake buƙata kafin kaka mai zuwa, kuma a shirye nake in sake biyan kuɗin binciken, muddin za a zauna a rubuta.

Wassalam.

Wani mai masana'anta,
Sharaɗa, Kano.