Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Katsina Kan Ubannin Da Ke Gudun Nauyin 'Ya'yansu

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan mazan da ke sakin mace su haɗa da 'ya'yan da ta haifa musu, kuma babu mai ce musu uffan.

Ranka ya daɗe, ba sai na tuna maka ba cewa tun 1992 doka ta wajabta yi wa kowane jariri rajista, kuma takardar haihuwar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa tana da gurbin sunan uba. Ka kuma san tun 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, jihar nan take da dokar kare yara, wadda ka gada, ka kuma yi rantsuwar tsare ta tare da sauran dokoki ranar 29 ga Mayu, 2023. To, me ya sa har yau sunan uba a kan takarda bai zama abin da zai tilasta masa fitar da ko tiyar masara ba?

Ni malamar firamare ce, kuma a lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai nake ganin abin da idona. Uwa za ta zo da yaro riƙe a hannu, wani goye a baya, idan aka tambayi takardar haihuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce ba a taɓa yi masa ba, ko kuma tana wurin ubansa ya hana. Wannan uban shi ne wanda ya yanka ƙaton rago ranar suna, aka raɗa wa yaron sunan kakansa na wajen uba, maroƙa suka yi ta kirari. Yau kuɗin littafi ya gagare shi, amma lefen amarya bai gagare shi ba. Matar tana surfe da wankau, ƙanwar yaron kuma tana yawon talla a Ƙofar Ƙaura har bayan magariba.

Addininmu bai bar kafar zillewa ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, reno na uwa ne, ciyarwa ta uba ce har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Wanda ma ya ce cikin matarsa ba nasa ba ne, sai ya je gaban alƙali ya yi li'ani, wato rantsuwar kore ciki, ba a korar ɗa da fatar baki. Hukunci dai ga shi nan a fili. Abin da ya ɓace shi ne zartarwa: alƙali ya yanke kuɗin wata, mutum ya biya sau ɗaya ko biyu ya sauya lambar waya, ita kuma kuɗin Keke Napep na zaryar kotu ya cinye abin da take bi, ta haƙura ta bar wa Allah.

Na san za a ce rajistar haihuwa hurumin gwamnatin tarayya ne. Gaskiya ne, amma asibitocin da ake haihuwa, da masu unguwanni, da kotunan shari'a, da Hisba, duk a ƙarƙashinka suke. Roƙona shi ne a haɗa kai da masarautun Katsina da Daura, ta yadda a dukkan ƙananan hukumomi 34 kowane suna da aka raɗa mai unguwa zai kai rahotonsa, a yi wa jariri rajista da sunan ubansa da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, kuma a ba uwa nata kwafin a hannunta. Duk saki da ya zo gaban alƙali ko Hisba, a rubuta kuɗin ciyarwa a ranar, a riƙa sabunta shi da tashin farashi. Ma'aikacin gwamnati kuwa da kotu ta yanke wa, a cire daga albashinsa kafin ya shiga asusunsa. Idan ana iya cire bashin banki da kuɗin ƙungiya ba tare da an roƙi kowa ba, ban ga dalilin da kuɗin kokon yaro zai gagara ba.

Akwai marayun Jibiya da Batsari da 'yan bindiga suka raba da iyayensu, akwai yaran da aka haifa ba ta hanyar aure ba, waɗanda su ma suna da haƙƙin takarda ko da sunan uwa ne kawai, akwai kuma talakan da yake so ya ciyar amma ba shi da hali. Waɗannan duk suna buƙatar tasu kulawar. Maganata a yau a kan mai hali ce da ya ƙi da gangan, kuma ina roƙon ka umarci Ma'aikatar Shari'a da ta Harkokin Mata su kawo maka tsarin cire kuɗin nan daga albashi kafin a gabatar da kasafin kuɗi na gaba.

Allah ya yi maka jagora.

Wata malamar firamare,
Ƙofar Marusa, Katsina.