Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: Littafin Da Muka Kulle A Durowa Lokacin Korona

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙo. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti cikin birni, kuma aikina irin wanda ba a ba da labarinsa a gidan biki ne. In an auna mutum aka same shi da ciwon sanyi, ko tunjere, ko cuta mai karya garkuwar jiki, wurina ake turo shi, mu rufe ƙofa, in tambaye shi wa kuma ya kamata a auna. Wani ya ce shi zai faɗa wa iyalinsa da bakinsa, sai in ba shi takardar gayyata wadda ba ta ambaci sunan cuta ba. Wata ta ce wallahi ba za ta iya ba, sai dai mu nemo maigidan ba tare da ya san daga wurinta maganar ta fito ba. Wasu kuma mu yanka wa'adi, in ya cika ba su kawo kowa ba, mu kira. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa taimaka wa masu HIV ta wannan hanya, bisa yardarsu, ba dole ba.

A garin nan lissafin ba na mutum biyu ba ne. Mace ɗaya in ta zo awo aka ga tunjere a jininta, akwai miji, akwai kishiyoyi, akwai cikin da ke jikinta, wataƙila da na jikin wata a gidan. In ita kaɗai aka yi wa allurar penisilin, girkinta na zagayowa za ta iya sake ɗauka. An yi ba a yi ba ke nan.

Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da korona a Kano. Ranar 16 aka kulle gari, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu. Da aka tashi neman masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu korona, mu aka fara kwasa, domin mu muka iya lallashin mutum ya faɗi wanda ya zauna da shi. Ban ga laifin kowa ba a lokacin, duk wanda ke Kano a watan nan ya ga yadda ake ta kai dattawa makwancinsu. Na ɗauki littafin da nake rubuta waɗanda ake jira su zo gwaji, na sa a durowa, na murza makulli.

A cikinsa akwai wata baiwar Allah mai cikin wata shida, amarya a gidan mata uku. An yi mata allura ɗaya cikin uku da ake yi mako-mako, takardar gayyatar mijin kuma tana ƙunshe a bakin zaninta ba ta sami ƙarfin halin miƙa masa ba. Wata rana bayan buɗa-baki na sa kati da kuɗina na kira lambar da ta ba ni. Maigidan ne ya ɗauka. Ashe wayar tasa ce, da ma da rana yake bar mata in zai tafi kasuwa, yanzu kuwa babu kasuwa. Ina jin hayaniyar yara da rediyo, kowa na tsakar gida. Me zan ce? Na ce daga asibiti ne kan maganar awo. Ya ce, "Hajiya, ai gari a kulle yake, in an buɗe ta zo." Ranakun Litinin da Alhamis da aka sassauta, kowa hatsi yake nema, ga azumi. Sai bayan salla na sake ganinta, ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Rai da ajali na Allah ne, amma duk mai aikin awo ya san tunjeren da ba a gama maganinsa ba yana kawo ɓari da haihuwar gawa. Mijin da sauran matan biyu sai daga baya aka auna su.

Mazan kuwa da suka ji zafin fitsari a wannan lokaci, kemis ɗin unguwa suka nufa, suka sha kafso biyu-uku, zafi ya lafa suka bari, wanda irin haka ne ke sa ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin magani. Mai kemis ba ya tambayar mata nawa gare ka. Saboda haka in an kawo maka alƙaluman 2020 ka ga masu waɗannan cututtuka sun ragu, ranka ya daɗe, gwajin ne ya ragu.

Ban manta da alherin da aka yi ba. Ba wa masu shan maganin HIV na wata uku zuwa shida a lokaci guda ya ceci mutane da yawa, sai dai wanda ba ya zuwa duk wata, ba ka da damar sake yi masa maganar iyalinsa. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna ya sa wa hannu a 2024 ma abin yabo ce, amma a bakin ƙofa take tsaye. Waɗanda suka riga suka shiga ɗaki, mu ne gatansu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, da mashaƙo ya ɓarke a 2023, an sake kwasar wasunmu kamar ba a taɓa yi ba. Annoba kuwa ba ta sallama. Roƙona, a rubuta cikin tsarin ko-ta-kwana na jiha cewa duk asibitin da ke wannan aiki za a bar masa mutum ɗaya a kai, ko me ake ciki. A ba shi layin waya na asibiti da kati a ciki, a kuma sa katin alƙawarin asibiti ya zama shaidar wucewa a shingen jami'an tsaro in an kulle gari. Penisilin kada ya yanke a ɗakin awo. Kayan gwajin HIV da mutum ke yi da kansa a gida, a ba mu mu riƙa ba wa wadda ta ga za ta iya kai wa mijinta.

Ina jin wasu na cewa a mayar da komai saƙon waya, a huta. Don Allah a yi hattara. Saƙo ɗaya in ya faɗa hannun da bai dace ba, kafin magariba an ba mace takardarta, ko ma a haɗa mata da duka. Ni yanzu tun ranar farko nake tambaya: wayar ta wace ce, ƙarfe nawa zan kira, in wani ya ɗauka me zan ce? Wannan tambayar ya kamata ta shiga fom ɗin kowane asibiti.

Littafin nan yana nan wurina. In Allah ya kawo ka zagaye ɓangarenmu, zan buɗe maka shafin da na ware wa Mayun 2020. Shi kaɗai zan iya nuna maka ban tona asirin kowa ba, domin babu abin da aka rubuta a ciki.

Wassalam.
Daga wata ma'aikaciyar lafiya, cikin birnin Kano.