Kun Tara Baƙi Uku Masu Baki Ɗaya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na rediyo na daren Talatar da ta gabata tun daga farko har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Kun ce za a tattauna batun sanya wa yara ƙa'ida wajen amfani da kafafen sada zumunta, amma sai kuka zaunar da baƙi uku waɗanda bakinsu ɗaya: lauya, da ɗan gwagwarmaya, da wani matashi da ya faɗa da bakinsa cewa a TikTok yake samun abincinsa. Babu uwa, babu uba, babu malamin makaranta. Da wata baiwar Allah ta bugo waya tana ƙoƙarin bayyana abin da ya sami ɗanta, mai gabatarwa ya katse ta da cewa lokaci ya ƙure, alhali kuwa bayan nan ya bar lauyan ya daɗe yana nanata abin da ya riga ya faɗa. Wannan ɗaukar ɓangare ne ƙarara, kuma bai dace da gidan da muke ganin girmansa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka kawo maganar dokar Ostireliya. Mai gabatarwa ya ce wai ƙasar ta hana matasa intanet, kuma babu wanda ya yi masa gyara. Dokar da majalisarsu ta amince da ita a watan Nuwamban 2024, wadda ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025, ta shafi yaran da ba su kai shekara 16 ba ne, kuma abin da ta hana su shi ne mallakar shafi a manhajoji irin su TikTok, Instagram, Snapchat da Facebook. Ba a kama yaro, ba a cin tarar iyaye. Kamfanin da ya ƙi ɗaukar matakin da ya kamata shi ake cin tara, har kusan dala miliyan 50 na kuɗin ƙasar. Kowa yana da damar ya ƙi dokar bayan ya san abin da ta ƙunsa, amma bai halatta ɗan jarida ya murɗe ta domin mai sauraro ya tsane ta tun kafin ya fahimce ta ba.

Na san inda tsoronku na kada a toshe bakin jama'a ya samo asali, kuma ban raina shi ba. Mun ga yadda gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun kuma ga yadda aka riƙa jan 'yan jarida zuwa kotu da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Sai dai toshe bakin mai sukar gwamnati daban, kare yarinya 'yar shekara 14 daban, kuma cuɗa su wuri guda da kuka yi shi ne ya kashe tattaunawar.

Ni malami ne a ƙaramar sakandare. A zangon karatun da ya wuce, an ciri hoton wata ɗalibata daga bidiyon bikin yayarta, aka ɗora shi a wani shafi tare da kalaman ƙazafi da ba zan iya rubuta su a nan ba. Kafin a tashi daga makaranta a ranar, hoton ya zagaye wayoyin 'yan ajinsu. Yarinyar da take cikin sahun farko a lissafi ta yi mako biyu ba ta leƙo aji ba. Na je gidansu sau uku, na zauna a zaure da mahaifinta ina ba shi baki, a ƙarshe ya ce mini shi mutuncin gidansa ya fi masa takardar shaida, ya cire ta. Mun kai ƙorafi ga masu manhajar ta hanyar da suka tanada, amma sai da kwanaki suka shuɗe kafin a sauke hoton, bayan aikin gama ya gama. Waɗanda suka aikata wannan abu sa'o'inta ne, da wayoyin da iyayensu suka saya musu, a manhajar da ta rubuta cewa sai wanda ya kai shekara 13 zai buɗe shafi, amma ba ta tantance kowa. Ina so a sake shirin, a kira uwa, a kira malamin aji, a kira likitan yara, a bar su su gama maganarsu kamar yadda aka bar lauya ya gama tasa.

Sannan ina roƙonku da girman Allah ku duba tallace-tallacen masu maganin gargajiya da kuke sakawa tsakanin magariba da isha'i. A lokacin nan iyali suna zaune wuri ɗaya ana cin tuwo, sai mai talla ya riƙa ambaton abubuwan da ko a majalisar dattawa sakaya su ake yi. Sau da yawa dole nake tashi in kashe rediyo saboda kunyar 'ya'yana. Idan ba za ku iya tace kalaman ba, ku mayar da tallan can cikin dare.

Naku mai sauraro,
Wani uba kuma malamin makaranta,
Funtuwa, Jihar Katsina.