Gidajen Hutu Na Ƙauye: A Ba Da Izinin Zama, Amma A Zo A Duba Da Damina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan gidajen hutun da masu hali na birni suka giggina a ƙauyukanmu na kudancin Kano, da yadda ake yanke hukunci idan an nemi mayar da su gidajen zama na dindindin.

Tun da marigayi Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da otal ɗin Bagauda, mutanen birni suka ɗanɗana iskar wannan yanki. Daga baya alhazai da manyan ma'aikata suka shiga sayen gonaki. Kowa ya zagaye tasa da katanga, ya dasa mangwaro da gwaiba, ya yi ɗakuna uku ko huɗu a tsakiya. A zo ranar Asabar ko bayan Sallah, a gasa nama, yara su yi guje-guje, Lahadi da la'asar a garƙame a bar wa maigadi. Yau da yawa daga cikin waɗanda suka gina sun riga mu gidan gaskiya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 zuwa ƙauye shan iska ya zama sai wane da wane. Magada suna so su zuba 'yan haya ko su sayar wa mai tarewa da iyali.

Ni ina goyon bayan a ba su izini. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya ina hedimasta, kuma babu abin da ya fi ba ni wahala kamar malamin da aka turo mana ya rasa ɗakin kwana. Sai ya riƙa zuwa daga Kwanar Dangora ko Rano a kan babur, ya iso ƙarfe tara, sha biyu ta yi hankalinsa na kan hanya. Haka ungozomar asibitinmu take fama. Ga ɗakuna nan masu rufin kwano da daɓen siminti a kulle, gara na cin ƙofofinsu. Ita kanta gwamnati ai ta nuna ana canza wa gini aiki, tun da otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horas da lauyoyi.

Inda nake da ja shi ne yadda ake bayar da izinin. A bakin garinmu akwai irin wannan gida da aka amince a mayar da shi na haya. Jami'in da ya zo dubawa a watan Maris ya zo, ƙasa ta bushe ƙamas, ya zagaya bai ga aibu ba. Magidanta uku suka tare. Shadda ɗaya ce a gidan, an haƙa ta ne don baƙin kwana biyu, kuma tsakaninta da rijiyar bai wuce taku goma ba. Da Agusta ta kama, ramin ya cika ya tumbatsa, ruwan rijiya ya canza launi, matan gidan suka koma ɗaukar jarka zuwa famfon masallaci. Hanyar shiga kuwa laka ce har gwiwa. Daren da naƙuda ta kama matar ɗaya daga cikinsu, a amalanken shanu aka fito da ita bakin titi. Mai gidan na asali bai taɓa sanin wannan ba, Allah ya jiƙansa, don shi da rani yake zuwa.

A can gaba kuma an hana wasu magada irin wannan izini, alhali gidansu na kan tudu, ga burtsatse, ga hanya mai tsakuwa. Babu wanda ya gaya musu dalili. In ba a faɗi dalili ba, mutane za su ƙirƙiro nasu, kuma ka san irin wanda ake ƙirƙirowa a majalisar mai shayi.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin ba da takardar mallaka a filayen da ba na birni ba, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta ce sai da izini ake gini ko a canza wa wuri amfani. To, mai wannan iko ya yi aiki da shi da idonsa a buɗe. A turo mai duba gini tsakanin Yuli da Satumba. A auna nisan shadda da rijiya, a ƙidaya mutum nawa za su kwana. A kira mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gona, su suka san inda ruwa ke bi da inda burtali ya ratsa; katangu nawa aka ja a kan hanyar shanu a yankin nan, aka bar mu da rabon faɗa tsakanin manomi da makiyayi kowace kaka? Sannan ko an yarda ko an ƙi, a rubuta dalili a takarda a liƙa a sakatariya.

Abu na ƙarshe shi ya fi tsorata ni. Wasu ba ɗakunan ne a gabansu ba, lambun suke hange. Da takardar canjin ta fito sai a sare mangwaron, a kawo masu awon igiya, a yayyanka gonar ƙananan fulotai ba lungu ba magudanar ruwa. Wanda ya ga yadda unguwannin gefen birnin Kano suka cushe ya san ƙarshen wannan. Izinin da za a bayar ya tsaya a kan ginin da ke tsaye. Mai son yanka fili ya sake shigar da takarda daban, a zauna da mu a duba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon hedimasta,
daga yankin Tiga, Jihar Kano.