Zuwa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Dalilin Alawus ɗin Soja

Malam, assalamu alaikum.

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo ka bugo waya, ka ce kai malamin firamare ne, ka daɗe kana shan ƙurar alli, ba a taɓa ba ka kuɗin shiga aji ba. Sai ka tambaye ni, tunda don tsaro aka ɗauki soja, kuma yana karɓar albashi, don me za a ƙara masa alawus idan an tura shi aikin tsaro? Lokaci ya ƙure kafin in buɗe baki. Ga amsar, daga wanda ya tuɓe kaki bayan ya yi furfura a ciki.

Albashi an yanka shi ne ga mutumin da ke kwana a bariki, tukunyarsa ɗaya da iyalinsa. Ranar da aka kwashe shi daga Jaji zuwa Damboa ko dajin Zamfara, tukunya ta zama biyu. Uwargida tana can da cefane da kuɗin makarantar yara, shi yana nan yana sayen sabulu, katin waya, batirin tocila, maganin sauro, wani lokaci har ruwan sha, a garin da hanya ta rufe, mai kanti ya yanka farashin da ya ga dama. Kuma ba tafiyar mako biyu ba ce. A watan Agustan 2018 sojoji sun yi ta harbi sama a filin jirgin Maiduguri, kukansu shi ne sun shekara da shekaru a fagen daga ba a sauya su ba.

Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya fara ne da kare ƙasa daga abokan gaba na waje. Kwantar da fitinar cikin gida taimako ne ga hukumomin farar hula, idan shugaban ƙasa ya nema. Yanzu taimakon ya zama aikin kullum: rundunar Haɗin Kai a arewa maso gabas, rundunar Fansan Yamma a arewa maso yamma, ga Filato, ga Binuwai.

Nawa ne kuɗin? Na abinci dai naira 1,500 ne a rana har zuwa 2025, da aka mayar da shi 3,000 a zamanin Laftanar Janar Olufemi Oluyede, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin. Na san za ka lissafa, malami ne kai: 90,000 a wata, ya zarce mafi ƙarancin albashi na 70,000. Gaskiyarka, kuma haushinka yana kan hanya, sai dai ba kurtu ne ya danne maka haƙƙi ba. Sannan a wurare da yawa ba a hannu ake danƙa masa ba, girki ake yi da shi. Ka tuna kuma abin da 1,500 ke saya bayan cire tallafin mai a 2023.

Ni abin da ke damuna shi ne hanyar da kuɗin ke bi kafin ya iso. A 2008 sojojin da suka dawo daga aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya sun tare hanya a Akure saboda an taɓa musu alawus. Kotun soja ta yanke wa 27 ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka sassauta. Ban goyi bayan bore ba, dokar soja ba ta wasa da shi. Amma kuɗin da ke ratsa tebur biyar kafin ya kai ramin da kofur yake kwance, da wuya ya iso da ƙibarsa. A zuba shi kai tsaye a asusun kowa, a ranar da aka sani, a manna adadin a allon sanarwa, kuma a tsayar da shi ranar da mutum ya koma bariki.

In ba a yi haka ba, Malam, kai ma kana cikin masu biya. Ɗari biyun da direban motarku ke miƙawa a shingen bincike, abin kunya ne ga kaki, ban wanke mai karɓa ba, amma a kuɗin motarka direban zai fanshe.

Naka,
Tsohon saje, daga Kaduna.